Yadda Ake Kallon Rawa da Waƙa a Fina-finan Farkon Zamanin Sauti

Tambaya ɗaya ce masu karatu ke ta maimaita mini game da tsofaffin fina-finan kiɗa na shekarun 1929 zuwa 1936: ta ina ake farawa, kuma me ake nema a ciki? Wasu sun ce sun gwada, suka tarar da hoto baƙi da fari, muryar mawaƙiya siririya, ga wani shuu a bayan sauti, kafin minti biyar sun rufe. Ba laifinsu ba ne. Idon da ya saba da fim ɗin Indiya na yau, inda hoto ke sauyawa kafin ƙiftawar ido, sai an nuna masa inda zai tsaya.

Hanyar da zan shimfiɗa a nan ba ta neman ka kalli fina-finai da yawa. Waƙa ɗaya za ka ɗauka, ka kalle ta sau uku, kowane kallo da aikinsa, har ka iya amsa tambaya guda: a wannan wuri, wa ke rawar? Mutum ne, ko kyamara, ko kuwa ita kanta waƙar ce ke yawo?

Kayan aiki da abin da za su ci

Waya za ta yi, amma laftop ko talabijin sun fi, domin wasu raye-rayen gomman mutane ne a hoto ɗaya, a ƙaramar fuska kuwa sai su dunƙule. Kana buƙatar iyafis mai waya, da manhajar VLC wadda kyauta ce a waya da kwamfuta, da takarda da biro.

Data ce babban kashe kuɗin. Yawancin waƙoƙin nan tsakanin minti 3 ne zuwa 15. A ingancin 480p, kallon awa ɗaya a YouTube kan ci wajen rabin giga, ke nan waƙar minti goma ba ta kai megabayit 100 ba. Cikakken fim, wanda galibi awa ɗaya da rabi ne, bai cika kai giga ɗaya ba. Tunda sau uku za ka kalla, sauke shi sau ɗaya ya fi araha, musamman idan layinka na da garaɓasar dare. Kada ka wahalar da kanka zuwa shagon masu turi, da wuya a samu irin waɗannan a wurinsu. Hayar fim a Apple TV ko Amazon kan kama dala 3 zuwa 4 a inda ake samu, amma ba kowace ƙasa suke buɗe wa ba.

1. Zaɓi waƙa ɗaya, daga tsakiyar zamanin

Fara da abin da aka yi tsakanin 1932 da 1936, lokacin da masu fim suka riga suka shawo kan na'urar sauti. Ga guda uku, kowace daga gida daban. Ta farko “Pick Yourself Up” ce a fim ɗin Swing Time na 1936, inda Fred Astaire da Ginger Rogers suka yi rawa. Ta biyu waƙar ƙarshe ta 42nd Street na 1933, wadda Busby Berkeley ya tsara. Ta uku “Isn't It Romantic” a Love Me Tonight na 1932, aikin darakta Rouben Mamoulian. Idan ni ne, da ta farkon zan fara, don gajeriya ce kuma babu abin da ke ɓoye a cikinta.

Gargaɗi: kada ka fara da The Jazz Singer na 1927 don kawai ka ji ana cewa shi ne farkon fim mai magana. Mafi yawansa na bebaye ne, da rubutu a allo, sautin yana zuwa ne a 'yan wurare. Wurinsa na nan gaba.

Gargaɗi na biyu, kuma wannan ya shafi mai iyali: sai a watan Yulin 1934 aka fara tsananta dokar tace fina-finai a Amurka. Abin da ya fito kafin nan, musamman raye-rayen Berkeley irin su “By a Waterfall” da “Pettin' in the Park”, suturar 'yan rawar ba ta da yawa, kuma kyamara ba ta kau da kai. Ka fara dubawa kai kaɗai kafin ka kunna a falo.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaci. A zamanin, Turawa kan shafa baƙi a fuska su kwaikwayi baƙar fata. Al Jolson ya yi a The Jazz Singer, Eddie Cantor ya yi a Whoopee! na 1930, kuma shi kansa Astaire ya yi a cikin Swing Time ɗin da na ba ka, a rawar “Bojangles of Harlem”. Ka san da zamansa kafin ka ci karo da shi. Ko ka kalla ko ka tsallake, wannan naka ne, amma kada wani ya ce maka ba cin fuska ba ne.

2. Nemo kwafi mai kyau

Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa tun kafin a fara. Rubuta sunan waƙar da sunan fim da shekara a YouTube, za ka ga kwafi biyar ko shida. Ba duka ne na kallo ba. Fifita wanda ya fito daga tashar kamfanin da ke da fim ɗin, kamar Warner Archive ko TCM. Ga tsofaffin da suka fi, duba shafin Internet Archive, wanda rumbun ajiya ne a intanet: a dokar Amurka fim na fita daga hannun mai shi bayan shekara 95, shi ya sa fina-finan 1929 irin su The Broadway Melody da Hallelujah suka zama na kowa tun ranar 1 ga Janairun 2025.

Alamomin kwafin da za ka guje wa ba su da wuyar ganewa. Idan hoton ya cika faɗin allonka daga gefe zuwa gefe, an datse sama da ƙasa ne, ko an ja shi. Fina-finan nan kusan murabba'i suke, faɗinsu bai wuce tsayinsu da yawa ba, 1.37 bisa 1 tun daga 1932, wasu na kafin nan ma sun fi haka matsewa. Abin da ake datsewa a ƙasa kuwa ƙafafu ne, wato rabin abin da ka zo kallo. Idan rubutun da ke bango ya juye, an maida hoton madubi ne don a kauce wa masu haƙƙi. Idan muryar namiji ta yi siriri fiye da kima, an ƙara masa gudu.

Gargaɗi: yanzu akwai yayin shafa wa tsohon fim kala da kwamfuta, a kuma ƙara masa hotuna ya kai 60 a daƙiƙa. Asalin fim ɗin 24 ne. Hotunan da aka cusa a tsakani ƙage ne, kuma a wurin da ƙafa ke gudu suke fin lalacewa, takalmi ya narke ya haɗu da daɓe. Kalar ma tana kashe aikin fitila. An ɗinka baƙar kwat ɗin Astaire da farar rigar Rogers ne da sanin cewa baƙi da fari za a gani.

Ga mai son sayen faifai: faifan Blu-ray na kamfanin Criterion da ake sayarwa a Amurka a kulle suke ga yankin A, alhali na'urorin da aka yi wa Afirka na yankin B ne. Tambayi mai sayarwa kafin kuɗinka su tafi.

3. Gyara allo da sauti

Aikin minti biyu ne. A VLC na kwamfuta, danna harafin A har hoton ya koma yanayinsa na asali, baƙin shafi biyu a hagu da dama. Ka bar su, ba matsala ba ce. A talabijin, shiga saitin hoto ka kashe abin da ke sulɓe motsi, wanda kowane kamfani da sunan da ya ba shi. Rage hasken ɗaki.

Sautin hanya ɗaya ne, ba a raba shi hagu da dama ba, saboda haka kashe duk wani ƙarin armashi na bas ko kewaye. Shuu ɗin da kake ji a baya daga jikin fim ɗin yake, kunne na mantawa da shi bayan minti ɗaya.

Gargaɗi: iyafis na Bluetooth yana jinkirta sauti kaɗan. A hira ba za ka lura ba, amma a rawar takalmin ƙarfe ƙafa za ta sauka sannan ƙarar ta biyo baya, ka ɗauka ɗan rawar ne bai iya ba. Idan ba ka da mai waya, haruffan J da K a VLC suna matsar da sauti gaba ko baya kaɗan-kaɗan har su daidaita.

4. San abin da ya faru kafin a fara kiɗa

Gutsuren da ake sakawa a intanet yakan fara daidai inda kiɗa ya tashi, ya bar dalilin rawar a baya. Nemi minti biyar ɗin da suka gabata, ko ka karanta taƙaitaccen labarin.

Ɗauki “Pick Yourself Up”. Astaire gwanin rawa ne a labarin, amma ya shiga makarantar koyon rawa yana faɗuwa da gangan don ya samu kusantar malamar, wato Rogers. Ta gaji ta ce masa ya adana kuɗinsa, mai makarantar ya ji, ya kore ta. Rawar da ta biyo baya ƙoƙarinsa ne na dawo mata da aikinta: yana nuna wa maigidan abin da wai ta koya masa yanzun nan. Wanda bai san wannan ba zai ga mutum biyu suna juyi. Wanda ya sani zai kalli fuskarta a daƙiƙun farko, mamaki, sannan jin haushi kaɗan, sannan ta saki jiki.

Haka “Remember My Forgotten Man”, wadda ta rufe Gold Diggers of 1933. Sai ka san cewa tattalin arzikin Amurka ya durƙushe tun 1929, kuma a 1932 tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya sun yi zaman dirshan a Washington suna neman haƙƙinsu aka tarwatsa su da ƙarfin soja, sannan za ka gane abin da ya sa ɗan sanda ya fasa kama wani mai kwana a titi da aka buɗe masa kwalar rigar mutumin ya ga lambar yabo.

5. Kallo na farko: kada ka taɓa komai

Kunna daga farko zuwa ƙarshe, babu tsayarwa, babu komawa baya. Idan ta ƙare, rubuta abu ɗaya da ya tsaya maka a rai, ko da gajiya ce, da minti nawa ya faru. Shi ke nan.

6. Kallo na biyu: na kunne ne

Yanzu kife wayar, ko ka rufe ido. Waƙoƙin Amurka na wannan zamani suna da gini wanda idan ka kama shi, rabin aikin ya ƙare. Ana farawa da shimfiɗa, rabi magana rabi rerawa, wadda ke haɗa hirar fim da waƙa. Sannan amshi ya shigo. A waƙoƙinmu amshi gajere ne, baitoci ke ɗauke da zance. A nan akasin haka ne: amshin shi ne waƙar, shi ake rerawa, shi ake maimaitawa, a kansa ake rawa.

Ga yadda za ka auna shi. Buga yatsa a tebur tare da kiɗa, kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Wannan gaɓa ɗaya ce. Gaɓa takwas ɗango ɗaya. Yawancin amshin ɗango huɗu ne, gaɓa 32 ke nan: na farko, sai a maimaita karinsa, sai na uku ya kauce zuwa wani kari dabam, sai na huɗu ya dawo gida. Gwada da “We're in the Money” ko “42nd Street”, za ka ji kaucewar nan ta uku a fili. Amfanin wannan ƙirga shi ne, masu tsara rawa a kan waɗannan mahaɗai suke sauya taku. Inda kari ya kauce, nan ne za a rabu ko a haɗu, a hau bene ko a sauya wuri.

Gargaɗi: kada ka koyi ƙirga da “Cheek to Cheek” ta Irving Berlin ko “Night and Day” ta Cole Porter. Duka biyun sun zarce gaɓa 32, za ka ɗauka kai ne ka ɓata lissafi.

Bayan kari, saurari ƙafa. A rawar takalmin ƙarfe, ɗan rawa makaɗi ne. Lura da wuraren da 'yan kiɗa ke yin shiru su bar masa fili, su riƙa sako bugu ɗaya kawai a farkon gaɓa, shi ya cike sauran da diddige da yatsu. Babu wurin koyon wannan kamar rawar bene da Bill Robinson ya yi da Shirley Temple a The Little Colonel na 1935. Jikinsa a miƙe, hannu kusan ba ya motsi, amma kowane bugu a rarrabe yake, tsaf. Robinson baƙar fata ne, ya fi shekara hamsin a lokacin, kuma matsayin bara aka ba shi a fim ɗin, kamar yadda aka saba yi wa gwanayen baƙar fata da rawar ta fito daga cikinsu.

Wani abu da ya kamata ka sani: ƙarar takalmin da kake ji a fina-finan tsakiyar shekarun 1930, galibi daga baya aka naɗe ta. Ana haska wa ɗan rawa hotonsa, ya sake taka abin da ya taka a kan katako a gaban makirufo. Astaire da kansa yake yin nasa, na Rogers kuwa sau da yawa Hermes Pan ne, abokin tsara rawar Astaire, ke bugawa. Waƙar ma an riga an naɗe ta, mamin ake yi a gaban kyamara, kamar yadda ake yi a Kano yau.

7. Kallo na uku: ƙirga yanka

Wannan ne zuciyar aikin, kuma a nan takarda da biro ke shigowa. Rage sauti sosai. Duk lokacin da hoto ya sauya daga wani kusurwa zuwa wani, ja ɗan layi a takarda. A gefe kuma rubuta inda kyamara take: daidai ido, ko sama, ko ƙasa, a tsaye take ko tana tafiya.

Idan ka yi haka da rawar Astaire da Rogers, takardarka za ta kusa zama fara. Astaire ya dage a kan a nuna ɗan rawa daga kai har ƙafa, kyamara ta bi shi a hankali, yanka ya zama kaɗan ƙwarai, kuma kada a riƙa katse rawa don nuna fuskar masu kallo. Ma'anar wannan gare ka ita ce babu wurin ɓoye kuskure. Abin da ka gani an yi shi ne a jere, da numfashi ɗaya. An ruwaito cewa ƙarshen “Never Gonna Dance” a Swing Time sai da aka ɗauke shi sau 47, har ƙafar Rogers ta yi jini. A irin wannan rawa, ajiye biro ka kalli tazarar da ke tsakanin mutum biyun. A “Night and Day” ta The Gay Divorcee, 1934, tana neman hanyar fita yana tare ta, ta juya ya sake tarewa, har ta daina neman ƙofa. Duk zawarcin a cikin taku yake, ba a ce uffan ba. Kuma ka ba Rogers rabin idonka. Kuskuren da aka fi yi shi ne bin Astaire kaɗai, alhali ita ce ke nuna maka abin da rawar ke nufi, da kafaɗa, da bayanta, da inda take kai dubanta.

Yi haka da Berkeley kuma, takarda za ta cika. Shi ba ɗan rawa ba ne. Ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya yana tsara fareti, kuma abin bai bar shi ba. 'Yan matansa sau da yawa ba sa yin wani taku mai wuya: zama suke, ko kwanciya, ko ɗaga hannu a tare. Kyamara ce ke hawa sama ta leƙo su sun zama fure mai buɗewa da rufewa, tamkar zanen saman hula, sannan ta sauko ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ga abin dariyar da ya kamata ka kama: labarin yana cewa wai a dandamalin gidan wasa ake yin wannan, ana ma nuna maka labule na buɗewa. Lura da daƙiƙar da dandamalin ya daina zama dandamali. A waƙar 42nd Street, Ruby Keeler na taka rawa, kyamara ta ja baya sai ga shi a kan rufin tasi take, sai ga titi guda da motoci da jama'a, daga ƙarshe 'yan rawa su juya baya su ɗaga allunan dogayen benaye su zama birnin New York. Babu gidan wasan da zai ɗauki wannan.

Gargaɗi: kada ka auna Keeler da ma'aunin Rogers. Za ka ga tana buga ƙasa da ƙarfi tana kallon ƙafarta, ka ce ba ta iya ba. Wani salon ne, mai nauyi, na buga katako, kuma a labarin ma sabuwar shiga ce da aka tura gaba dare ɗaya.

Idan ka ji daɗin Berkeley, wuce zuwa “Lullaby of Broadway” a Gold Diggers of 1935. A ganina nan ya kai ƙololuwa. Ana farawa da allo baƙi ƙirin, da ɗan ɗigon fari can nesa, yana matsowa har ya zama fuskar mawaƙiya Wini Shaw. A tsakiya rundunar masu takalmin ƙarfe na buga bene kamar za su fasa shi, a ƙarshe kuma a tura ita Wini Shaw ɗin har ta faɗo daga baranda. Fiye da minti goma, kuma ba ta ƙare da murna ba. Duk mai cewa waɗannan fina-finai shirme ne na nishaɗi, wannan zan fara nuna masa.

Gida na uku shi ne inda ba mutum ke rawa ba, ba kuma kyamara ba. A Love Me Tonight, Maurice Chevalier tela ne a Faris. Ya fara rera “Isn't It Romantic” a shagonsa, wanda ya kawo masa ɗinki ya fita da ita a baki, direban tasi ya ɗauka, wani mai rubuta kiɗa ya shiga jirgin ƙasa da ita, sojoji suka karɓa suka maida ta ta maci, wani mai goge ya kai ta daji, har ta isa barandar gimbiya, Jeanette MacDonald, wadda ba ta taɓa ganin telan ba. A nan abin ƙirgawa shi ne hannu nawa waƙar ta bi, da yadda karinta ke sauya kama a kowane hannu. Kalli buɗewar fim ɗin ma, inda ƙararrawa, da diga, da tsintsiya, da gudumar masu gyaran takalmi ke haɗuwa ɗaya bayan ɗaya su zama kiɗa.

Inda wani taku ya fi ƙarfin idonka, rage gudu zuwa 0.5 a YouTube. Idan ka tsayar da hoto a kwamfuta, maɓallan waƙafi da aya suna matsar da shi hoto ɗaya baya ko gaba, a VLC kuwa harafin E ne ke matsar da shi gaba. Amma yi wannan a kan daƙiƙa goma ko ashirin kawai, sannan ka mayar da gudun daidai ka sake gani. Rawa a rabin gudu ba rawa ba ce.

8. Yanzu koma 1929

Sai da ka san inda aka isa za ka ji daɗin inda aka taso. A 1929 kyamara na da ƙara, makirufo kuma na kwashe komai, saboda haka aka kulle kyamara da mai ita a cikin akwati mai tagar gilashi. 'Yan kiɗa na gefe suna bugawa kai tsaye. Shi ya sa za ka ga hoton a sandare, daga nesa, kamar kana zaune a kujerar tsakiya a gidan wasa, layin 'yan rawa ma wani lokaci ba ya miƙewa.

Abin nema a nan dabam ne. Yawanci muryar da kake ji a lokacin ta fito daga bakin, da numfashinta da ɗan kaucewarta. Saurari Ethel Waters tana rera “Am I Blue” a On with the Show! na 1929. Sannan ka riƙa farautar wuraren da wani ya yi dabarar kuɓuta daga akwatin. A The Broadway Melody, da aka so sake ɗaukar rawar “Wedding of the Painted Doll”, injiniyan sauti Douglas Shearer ya kawo shawarar a kunna kiɗan da aka riga aka naɗa maimakon a sake tara makaɗa. A Applause na wannan shekarar, Mamoulian ya sa makirufo biyu, ɗaya ga uwa mai rera waƙar reno, ɗaya ga 'yarta mai addu'a a hankali, aka haɗa su daga baya.

Gargaɗi: wasu fina-finan wannan lokaci da kala aka yi su tun asali, ba shafe ba ne. Technicolor ta lokacin launi biyu kawai take kamawa, ja-ja da kore-kore, babu shuɗi na gaskiya. Idan ka kalli King of Jazz na 1930, wanda aka gyara a 2016, ka ga “Rhapsody in Blue” ta fito kore-kore, allonka lafiya lau yake. On with the Show! kuwa da kala aka yi shi amma cikakken kwafin da ya rage baƙi da fari ne.

Ɗauki waɗannan kaɗan-kaɗan. Su kansu Amurkawa sun ƙoshi da su kafin ƙarshen 1930, har kamfanoni suka riƙa cire waƙoƙi daga fina-finan da aka riga aka gama, sai 42nd Street ne ya dawo da kasuwar.

9. Fita daga Amurka

Kallo ukun nan suna aiki a ko'ina. A Faransa nemi Le Million na René Clair, 1931, inda 'yan bin bashi ke bin mutum da waƙa. A Jamus akwai Der Kongress tanzt na 1931, da doguwar tafiyar Lilian Harvey a keken doki tana rerawa, gari na amsa mata, kyamara na biye. A Masar, Muhammad Abdulwahab ya fito a Al-Warda al-Baida a 1933, Ummu Kulsum kuma a Widad a 1936. A nan za ka tarar rawa kaɗan ce, murya ce sarauniya, saboda haka kallo na biyu zai fi na uku tsawo.

Wanda ya tashi da fim ɗin Indiya zai so ya ji yadda abin ya faro. Kafin 1935 jarumi da bakinsa yake rerawa a gaban kyamara, makaɗa na laɓe inda ba za a gan su ba. A Dhoop Chhaon na kamfanin New Theatres da ke Kalkata, a wannan shekarar, Nitin Bose ya shigo da naɗar waƙa kafin ɗauka. Nemi waƙoƙin K. L. Saigal a Devdas na 1935, ka yi musu kallo na kunne da iyafis mai waya.

Gargaɗi: za ka ci karo da bidiyoyi masu iƙirarin cewa su ne cikakken Alam Ara na 1931, fim ɗin Indiya na farko mai magana. Fim ɗin ya ɓata, hotuna marasa motsi kawai suka rage. Haka Gold Diggers of Broadway na 1929, gutsattsari ne kawai aka samu. Duk wanda ya ce yana da cikakkensu, duba tsawon bidiyon da 'yan daƙiƙun tsakiyarsa kafin ka danna saukewa.